Babi na 7: Yadda Ake Cewa “Kaɗan” da Turanci

Darasi na 1: less da fewer

'Yan'uwa, ku buɗe littafin rubutunku, ku ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar shafi. A hagu ku rubuta less. Haruffa huɗu ne: l, e, s, s. Harafin s biyu ne, kada ku bar ɗaya. Ana furta kalmar “les”. A dama ku rubuta fewer, ana furta ta “fiyuwa”.

Duka biyun suna nufin abu bai kai wani yawa ba. Kafin ku zaɓi ɗaya, ku yi wa kanku tambaya: wannan abin ƙirga shi ake yi, ko auna shi? In ƙirgawa ake yi, fewer. In aunawa ake yi, less.

Awaki: ana cewa ɗaya, biyu, uku? Ana cewa. Ku rubuta fewer goats a dama. Ruwa fa? Ba wanda ke cewa ruwa uku. Ku rubuta less water a hagu. Shinkafa da mudu ake auna ta, don haka less rice. Amma buhunan shinkafa ƙirga su ake yi, don haka fewer bags. Ku tsaya a nan, ku sake karantawa. Shinkafa, less. Buhuna, fewer. Mai, less oil. Kwalabe, fewer bottles. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, a nan kowa yake tuntuɓe. Ya sake tambayar kawai: ƙirgawa ko aunawa?

Na san wani zai ce, “Malam, ai kuɗi ƙirga su ake yi.” Gaskiyarka, Baba. Sai dai Bature yana ɗaukar money a dunƙule, shi ya sa ake cewa less money, kuma less than 500 naira. Takardun kuɗin ne ake ƙirgawa: fewer notes. Haka lokaci, less time, amma fewer days.

Kalmar less tsohuwa ce, ta haura shekara 1,000. A tsohon Turanci læs ake rubuta ta. Wajen shekarar 888 Sarki Alfred na Wessex, a Ingila, ya yi amfani da ita a kan abin da ake ƙirgawa, ba wanda ya ce ya yi kuskure. Sai a 1770 wani marubuci, Robert Baker, ya ce shi a ganinsa fewer ta fi daɗin ji a irin wannan wuri, daga baya malamai suka mayar da ra'ayinsa doka. Har yau Turawa na gardama a kai. A 2008 kantunan Tesco na Ingila suka fara sauya allon wurin biyan kuɗi da ke cewa 10 items or less, wato kaya 10 ko ƙasa da haka, saboda ƙorafin mutane. To za ku ji ana cewa less people a rediyo. Ku dai a jarrabawa da takardar neman aiki ku rubuta fewer people.

Mu sake. Ƙirgawa, fewer. Aunawa, less. Ku faɗa da ƙarfi. Haba jama'a, ana duba littattafai ana ganin fewer water, alhali tambayar tana saman allo! Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, gaggawa ce da rashin bita a gida. Wanda bai buɗe littafinsa daga Alhamis zuwa Litinin ba, kada ya ce Turanci ne mai wuya.

Darasi na 2: few da little

Tambayar ba ta canja ba. Few ta abin ƙirgawa ce, daga gare ta aka samo fewer. Little ta abin aunawa ce, asalinta lytel a tsohon Turanci. Ku lura da ɗan harafin a. A little sugar, akwai ɗan sukari, zai yi shayi. Little sugar, kusan babu. Haka a few friends da few friends.

Darasi na 3: cashless

Wannan less ta ƙarshen kalma daban take, daga leas ta tsohon Turanci ta fito, ma'anarta “babu”. Cashless, ba tsabar kuɗi a hannu. Useless, ba amfani. Kada ku fassara ta da “kaɗan”.

Darasi na 4: least, minus, minimum

Least, mafi ƙanƙanta. At least 2, aƙalla 2. Minus da minimum daga Latin suka shigo: ta farko ɗebewa a lissafi, ta biyu mafi ƙarancin abin da za a karɓa.

Aikin gida: ku sa less ko fewer gaban milk, children, salt, cars. Ku zo da shi ranar Litinin.