Yadda ake tsara ayyukan gida na yini da taswirar tunani

Taswirar tunani zane ne da ake farawa daga tsakiyar takarda. A rubuta magana ɗaya a zagaye ta, a fitar mata da rassa, kowane reshe ya fitar da nasa ƙanana. Wani ɗan Ingila, Tony Buzan, shi ya yayata ta a shekarun 1970. Abin da ta fi jerin ayyuka da shi a gida shi ne, da kallo ɗaya za a ga wa aiki ya yi wa yawa, da inda ayyuka biyu suka ci karo.

A fara da takarda, ba waya ba. Bayan tsohuwar kalanda ya isa, da biro mai launi uku ko huɗu, kuma a zana ta kowa yana zaune. In an daidaita sai a kwafe a waya. Manhajojin zana taswirar tunani irin su SimpleMind da XMind suna aiki ko babu data. MindMeister kuwa sai da intanet, taswira uku kaɗai yake bayarwa kyauta.

A tsakiya a rubuta "Ranar makaranta". Manyan rassa kada a raba su da awoyi, a raba su da salla: asuba zuwa azahar, azahar zuwa la'asar, la'asar zuwa magariba, magariba zuwa isha'i, sai bayan isha'i. Dalili kuwa, a Marwa ta ƙasar Kamaru magaribar Nuwamba takan riga ta Yuli da fiye da minti 40. Wanda ya rubuta "ƙarfe 6, wankan yara" zai tarar a Nuwamba duhu ya riga ya shiga. Agogo a bar wa abin da ba ya jira, kamar makarantar boko da wurin aiki.

Reshen asuba shi ne mai wuya, kuma daga ƙarshe ake lissafa shi a dawo baya. A ce ana shiga aji 7:30, tafiyar ƙafa minti 20 ce. Fita daga gida 7:05 ke nan, da rarar minti 5 saboda neman takalmi. Karin kumallo minti 15, a zauna 6:50. Yara uku, banɗaki ɗaya, kowa minti 10, na farko ya shiga 6:20. In lokacin hunturu ne, a ba ruwan zafi kamar minti 20 a kan gawayi, wato a hura wuta ƙarfe 6. A nan ne za a gane kunun safe ba aikin safe ba ne. Jiƙa gero da kai niƙa na jiya ne, don haka a rubuta su a reshen la'asar, a ja kibiya zuwa karin kumallo. A manhajojin ma ana iya jan layi tsakanin reshe da reshe.

Kowane ƙaramin reshe ya ɗauki abu uku: aikin, mai yin sa, da mintunan. "Shara, Yaya, 15" ya wadatar. Kowane mutum da launinsa. In an gama a ɗaga takardar a duba daga nesa. Idan launin yarinya ɗaya ya fito a dukkan rassa biyar, to karatunta ne ake ci, sai a rage mata tun a takarda. A gidan da ake rabon girki, kada a sa suna a wurin tuwo da miya, a rubuta "mai girki", ba sai an sake zane duk kwana biyu ba.

Akwai ayyukan da ba su da lokaci, sai sa'a. A ware musu rassa biyu a gefe, "in wuta ta zo" da "in famfo ya kawo". A ƙarƙashinsu a jera guga, cajin waya, cika randa da jarkoki, kowanne da sunan wanda zai tashi. Rassa sun zama bakwai, kuma nan ya kamata a tsaya. In sun wuce haka rubutu yakan ƙanƙance har ba a karanta shi a fuskar waya.

Reshen azahar a bar shi da sauƙi, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Abinci, hutu, shirin makarantar allo ko islamiyya, shi ke nan.

Ranakun da suka bambanta kowacce a yi mata nata zanen: Laraba da yara ke tashi daga makaranta da wuri, Juma'a, da ranar kasuwa, kamar Litinin ga mutanen Marwa. A manhaja kwafar ta farko ake yi a gyara reshe ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi kashe jadawalin shi ne ya zauna a wayar maigida, shi kuma ya wuni a kasuwa. A ɗauki hoton fuskar wayar a tura wa manyan gida ta WhatsApp, ta takardar kuma a manna ta kusa da madafa, inda hayaƙi da ruwan sama ba sa kaiwa. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami, ƙananan yara a zana musu tsintsiya ko bokiti. A gwada mako guda, duk aikin da ya zarce mintunansa sau biyu a ƙara masa lokaci, a cire wani. Sabon zane kuma dole ne a Satumba in an koma makaranta, da shigowar azumi, da faɗuwar damina ga gidan da ke noma.