Yadda ake shuka waken danfami ya yi inuwa a tsakar gida, ya kuma shiga tukunya

Tsofaffi sun san shi da waken danfami, saboda a jikin danfami da danga yake hawa. Malaman gona kuwa lablab suke ce masa, kuma galibi don harawar dabbobi suke zancensa. Ni dai a tsakar gidanmu a Daura na shuka shi don rumfar da ake zama ƙarƙashinta da rana, sai ga shi ya ba mu inuwa da fure da abin miya.

Fara da zaɓen iri. Kala biyu aka fi sani wajen masu kiwo: Rongai, mai farin fure da ƙwaya ruwan ƙasa, wanda asalinsa daga Kenya yake, sai Highworth, mai fure shunayya da baƙar ƙwaya. Idan ado kake nema, mai shunayyar fure za ka nema, kuma ya fi dacewa da mu nan arewacin Katsina don yana riga Rongai yin fure, damina kuwa a wajenmu ba ta jiran kowa. Akwai ma wani irin ado da kwansonsa kansa shunayya ne, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Gane ƙwayar ba wuya: tana da wani farin layi da ya ɗan taso a gefenta, wanda waken da muka saba ba shi da shi. In kana neman irin, ka tambayi malamin gona na KTARDA, wato hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Katsina, ko masu sayar da irin ciyawar dabbobi.

Kafin ka taɓa ƙasa, kafa abin da zai hau. Nan ne na yi kuskure a shekarar farko. Na ce bari ya tsiro tukuna, na kafa masa karan dawa daga baya. Da ruwan Agusta ya kankama sai ya mamaye karan, iska ta zo da dare ta kwantar da komai a ƙasa. Wannan yaɗo yana kai mita 3 zuwa 6, kuma in ya yi ganye ya sha ruwa nauyi gare shi. Saboda haka a kafa dirkoki masu ƙwari, a gicciya itace ko gora a sama, sannan a ɗaura igiya daga ƙasa zuwa sama a kowane gindi. Naɗewa yake yi, ba ya manne wa bango kamar wasu, don haka katanga zalla ba za ta yi masa ba sai an ja igiya ko waya a jikinta. A zaɓi inda rana ke bugawa sosai. A inuwa ganye kawai zai yi ta tarawa.

Ƙasar jigawa irin tamu ba ta dame shi ba. Abin da ba ya so shi ne inda ruwa ke kwanciya, don haka a kauce wa bakin rariya da ƙarƙashin indararo. Tona rami, zuba ɗan takin awaki da ya ruɓe, ka gauraya. Kada ka cika masa takin zamani, musamman yuriya. Dangin wake ne, saiwarsa na samar masa da nata abincin har ta bar wa ƙasa saura.

Sai shuka, bayan ruwa ya zauna, wato daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Jiƙa irin ya kwana, da safe ka sa ƙwaya 2 ko 3 a kowane rami, zurfin kamar santimita 3, tazarar taku ɗaya tsakanin rami da rami. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai fito. Ka bar biyu mafi ƙarfi, ka ɗora kan yaɗon a jikin igiya, sauran aikin shi zai yi.

Makonnin farko ne yake buƙatar ido. In ruwa ya yi fashi ka ba shi, in kuma akwai akuya a gidan, to ka kewaye gindin da ƙaya, don ba ta da abin da ta fi so. Da ya yi saiwa yana jure fari fiye da wake, shi ya sa za ka gan shi kore shar bayan an gama girbin gero. Darɓa kan taru a kan sabon toho. Daka ganyen bedi ko 'ya'yansa, jiƙa ya kwana, tace, ka fesa da yamma.

Kada ka ƙosa in ya daɗe bai yi fure ba. Yawancinsa sai rana ta fara gajarta, wajen kaka, sannan yake buɗewa.

Yanzu maganar ci, kuma a nan nake so a natsu. Kwanso ɗanye mai taushi, wanda ƙwayarsa ba ta cika ba, ana tsinkarsa, a cire zaren gefe, a yayyanka a dafa a miya ko a fate. Yawan tsinka ma yana sa ya ƙara fure. Ganye matashi shi ma ana dafawa kamar ganyen wake. Amma busasshiyar ƙwaya, musamman baƙar, tana ɗauke da wani dafi irin na rogo mai ɗaci. Ba a cinta ɗanye, ba a kuma barin yara su yi wasa da ita a baki. A jiƙa ta kwana, a zubar da ruwan, a tafasa sosai a tukunya buɗe, a sake zubarwa, a zuba sabon ruwa a dafa har ta yi luguf. Ni ba na ba da shawarar a niƙa ta a yi ƙosai ko ɗanwake kai tsaye kamar yadda ake yi da farin wake. Wannan ba ya nufin abin gudu ne: Kikuyu na Kenya suna kiransa njahi, har mai jego ake dafa wa, a kudancin Indiya kuma abincin yau da kullum ne lokacin kakarsa.

Ka ware wasu kwansuna tun da wuri ka bar su su bushe a jikin uwar don iri. In sun bushe ƙayau, ɓare, shanya, ka zuba a kwalba ko jarka mai murfi gam da ɗan toka saboda ƙwaro. Yaɗon da ya rage in hunturu ya busar da shi, sauke shi daga rumfa ka ɗaure. Akuyar da ka hana tun Yuli, rabonta ke nan.