Kalmar wind: rubutu ɗaya, furuci biyu

'Yan uwa masu shirin WAEC da NECO, ku kula da kalmar nan wind, domin irinta ake ɗana wa ɗalibai tarko da ita a takardar furucin Turanci.

In ana nufin iska, a gajarce ake faɗinta, "wind". Amma in aiki ne na naɗewa ko murzawa, kamar naɗe zare a jikin kwarkwaro ko murza kan agogon hannu, sai ta koma "waind". Dabarar ita ce ku fara tambayar kanku: suna ce ko aikatau? Sau da yawa wannan kaɗai ya raba gardama.

Inda aka fi zamewa shi ne shuɗaɗɗen lokaci. Wanda ya naɗe zare jiya, wound za a rubuta, a furta "waund". Rauni ma wound ake rubutawa, amma "wund" ake cewa, da jan wasali. Don Allah ku riƙe wannan da kyau, maki ne mai sauƙin samu.

Sai salon magana. Get wind of, jin ƙishin-ƙishin ke nan. Wind up a company, rufe kamfani ne a raba kadararsa, kuma a nan "waind" ce. Break wind kuwa sakin tusa ne, kada a faɗe shi a gaban manya da zaton hira ake kan hunturu. A Ingila ma, in ma'aikaciyar jinya ta ce wind the baby, bubbuga bayan jariri take nufi har ya yi gyatsa. Wannan da gajeren furucin iska ake faɗinsa, ko da yake aikatau ne.