In kana jinyar mai limoniya a asibiti

Mu nan Kumasi in an ba mutum gado gani muke iya daɗewarsa iya samun sauƙinsa, har ka ji dangi na roƙon likita ya ƙara riƙe Baba tukuna. Toh a limoniya abin ba haka yake ba. Ƙwayoyin cutar da ke yawo a ɗakin marasa lafiya, irin su Klebsiella da Pseudomonas, sun sha karo da magani har da yawansu sun daina jinsa. Limoniyar da ta taso bayan awa 48 da kwantar da mutum ta asibiti ce, ita ta fi taurin kai, in ta kama kwana ya ƙaru, ƙarin kwanan kuma ya sake ba wata ƙwayar dama.

Tun ranar farko, ko babban asibitin Komfo Anokye kuka je ko ƙaramin asibitin unguwa, ka faɗa wa likita duk maganin da ya sha cikin wata 3 da suka wuce, har kafson nan da aka sayo a kemis aka sha biyu aka watsar. Kar ka ji kunya, kwalin ma ka ɗauko, da shi likita zai san wanda ƙila ba zai yi aiki ba. In sun ce a kawo kaki a gwada, dan Allah kaki daga ƙirji ba miyau ba, kuma ka bi sakamakon, yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, shi ke nuna maganin da ƙwayar take ji.

A gado kuwa a ɗaga kansa da filo, kar a ba shi koko yana kwance, a riƙa wanke masa baki, in nas ta yarda ya tashi ya ɗan taka. 'Yan dubiya kam sai haƙuri, mutum goma a bakin gado kowa na musabaha ba wanda ya wanke hannu, a rage.

Kullum in likita ya zagayo ka tambaya: robar fitsarin nan da kanula (robar allurar da ake bari a jijiya) har yanzu ana bukatarsu? Zazzaɓi ya sauka yana cin abinci, yaushe za a bar allura a koma maganin sha? Amma fa kar kuɗi ko gajiya su sa ku gudu da shi ba sallama. In an sallame ku ya sha maganin iya kwanakin da aka rubuta, numfashi ya sake yin sama-sama ko zazzaɓi ya dawo, ku koma ranar.