Kafin igiyar ƙasa ta taɓa wani: shirin gida, gona da bakin ruwa a ƙasar Daura

Duk mai gona ko lambu a ƙasar Daura, akwai aikin da ya kamata ya yi tun kafin ruwan farko ya sauka. Ya je asibitin da ya fi kusa da ƙauyensu ya tambayi ma'aikata: in maciji ya sari mutum, kuna da allurar kashe dafi? In babu, ina ake samu, nawa ce, wa za a kira da tsakar dare? Ya karɓi lambar waya ya ba mai unguwa, ya ba mai babur ɗin da aka fi amincewa da shi a gari. In da hali, a haɗa ɗan asusu bayan girbi, kowane gida tiya ɗaya ta gero, a sayar a ajiye kuɗin saboda wannan rana. Aikin malamin gona ya zagaya da ni ƙauyukan Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, kuma abin da na gani shi ne, mafi yawan waɗanda aka rasa, a wajen shawara da neman kuɗi da jiran gari ya waye aka rasa su.

Macizai uku ne suka fi yi mana ɓarna, kuma kowanne da halinsa.

Kububuwa ita ce babbar musiba, ga ta kuwa 'yar ƙarama, da wuya ta wuce santimita 60. Launinta ya saje da busasshiyar ƙasa, da ɗige-ɗige a gadon baya. In ta ji motsi sai ta naɗe ta riƙa goga jikinta da juna, ka ji ƙara kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Wanda ya ji wannan ƙara ya ja da baya, kada ya tsaya leƙe. Dafinta yana hana jini daskarewa, kuma a nan yaudararta take. Ranar farko ciwo ne da kumburi kawai, mutum yana hira yana shan fura, 'yan'uwa su ce an auna arziki. Daga baya jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon gyambo. Mafi muni shi ne wanda ke zuba a cikin kai ko cikin ciki, inda ido ba ya gani, kuma wannan yana iya zuwa bayan kwanaki.

Kasa kuwa kauri gare ta da nauyin jiki. Ba ta gudu. Tana kwance a kan turba ko cikin ciyawa, ta dogara da cewa ba za ka gan ta ba, wani lokaci ta yi huci, wani lokaci sai ka taka ta. Saranta yana kumbura ƙafa har cinya, nama ya ruɓe.

Sai kumurci, wanda wasu ke ce wa gamsheƙa: dogo, baƙi, mai fasa kai, mai tofi a ido daga nisan mita 2 ko fiye. Shi ne mai shiga ɗaki da dare yana bin ɓera da kwaɗo da 'yan tsaki, ya bi ta kan mai barci, mutum ya juya, ya sare shi. Nan jiharmu, a yankin Malumfashi, masana sun yi bincike a kan haɗuwar mutane da wannan maciji, aka buga a 1980, don haka ba baƙon lamari ba ne a wurinmu. Yana da dangi da ba sa tofi, su kuma dafinsu jijiya yake kamawa: fatar ido ta sauko, haɗiyar miyau ta gagara, numfashi ya yi nauyi.

Mesa ba ta da dafi, haka ma da yawa daga siraran macizan da ke tsere wa mutum a gona, amfani ma suke yi mana wajen rage ɓeraye. Amma da dare, cikin firgici, babu mai iya rantsuwa a kan abin da ya sare shi. Kowane sara a ɗauke shi a matsayin mai dafi har asibiti ta ce ba haka ba.

A gida, ka tambayi kanka abin da ke kawo maciji. Abinci ne da maɓoya. Ɓera ya zo don hatsi, maciji ya zo don ɓera. Saboda haka rumbu ya zauna a kan duwatsunsa, ƙarƙashinsa a share, ka iya durƙusawa ka hango ɗaya gefen. Buhunan gero da wake kada su kwana a ɗakin da ake barci. Akurkin kaji a nisanta shi da ɗakuna. Tarin itace, tubalin da ya rage daga gini, tsohon kwano, karan da aka jingine a jikin danga, duk a kai su can gefe, a ɗaga su daga ƙasa. Katangar da ta tsage a cike ta da ƙasa, a toshe ramukan ɓera, a duba rariya da ƙasan ƙyaure. Ciyawar bayan gida a nome ta, ko da faɗin taku uku ne, domin maciji ba ya son ratsa fili fetal inda shaho zai gan shi. Masu zuba kananzir ko baƙin mai a kewaye da gida, ni ban ga ya hana komai ba, sai ɓata ƙasa da ya yi.

Gidan sauro, wanda ake rabawa saboda zazzaɓi, yana cikin manyan makaman da muke da su. Lokacin zafi, Maris zuwa Mayu, kowa tabarma yake shimfiɗawa a tsakar gida. A ɗaura gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa ta kowane gefe. Wanda ke da gado ya hau gado. Takalmi a zazzage shi da safe kafin a sa. Wanda zai zagaya da dare, ko zai fita sallar asuba, ya riƙe tocila, ko fitilar waya ce, ya haska gabansa. Yara musamman, a hana su fita fitsari cikin duhu ba takalmi.

A gona, lokaci biyu ne mafi haɗari: farkon damina da ake sharar gona da noma, da kaka. Mafi yawan sara a ƙafa yake, daga idon sawu zuwa ƙwauri, sai hannu. Takalmin roba mai tsawo zuwa gwiwa yana da zafi, na sani, ana kuma yi wa mai sa shi dariya. Ni dai ina sawa, kuma ina roƙon duk mai ɗaukar 'yan ƙwadago ya saya musu. Damin gero ko dawa da ya kwana a ƙasa, tarin harawa, gyaɗar da aka cira aka bari ta sha iska, kada a cusa hannu ƙarƙashinsu. A fara juyawa da sanda ko ƙotar fartanya, a ɗaga gefen da ke nesa da kai, yadda in akwai wani abu zai sami hanyar fita ba ta kan ƙafarka ba. Samari masu haƙar gafiya da masu zura hannu a suri ko kogon bishiya, ku bari. Ramin da ɓera ya haƙa, sau da yawa wanda ya cinye ɓeran ne ke ciki.

Bakin ruwa shi ne inda mutane suka fi sakin jiki. Mu da muka tashi da labarin rijiyar Kusugu da macijin da ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, bai kamata a tuna mana cewa maciji yana son wurin ruwa ba. Inda ruwa yake akwai kwaɗi, akwai ɓeraye, akwai sanyi da rana. Masu noman rani a kewayen madatsar Sabke da Daberam sun fi kowa sanin ban-ruwan dare, lokacin da ake jan tiyo cikin duhu daga wannan fangali zuwa wancan, ƙafa ba takalmi saboda taɓo. Ka sayi fitilar goshi don hannuwanka su zama a sake. Kafin ka taɓa injin ban-ruwa da asuba, haska ƙarƙashinsa, domin ɗumin inji yana jan su lokacin hunturu. Hanyar da mata da yara ke bi zuwa tafki ko rafi a faɗaɗa ta, a sare ciyawar gefenta, aikin gayya ne na safiya ɗaya. Masunta su duba koma da gora kafin su zura hannu. In ka ga maciji yana ninƙaya, ka fita daga ruwan a hankali ka ba shi hanya, ƙetarewa yake yi. A watan Agusta, in ruwa ya cika ramuka, duk abin da ke ƙasa tudu yake nema, tudun kuwa shi ne gidajenmu, sai a ƙara kula a makon da aka yi ambaliya.

Rijiya a ɗaga bakinta da siminti a yi mata murfi. In maciji ya faɗa, kada wani ya shiga, kada kuma a zuba maganin ƙwari ko fetur, wannan shi zai lalata ruwan. A zura dogon reshe mai rassa a jingine, a janye yara, a ba shi dare ɗaya, yawanci zai hau ya tafi. In ya mutu a ciki, a fitar da shi da ƙugiya a yashe rijiyar.

Wanda ya yi kiciɓis da maciji ya tsaya cak, sannan ya ja da baya sannu. Mutane da yawa wajen kisa aka sare su. Ko an kashe, kada a ɗauka da hannu, kan da aka datse ma yana iya sara.

To, in ƙaddara ta faɗa fa? A janye mutumin daga wurin, a zaunar da shi, a kwantar masa da hankali, a yi masa addu'a ana aiki. A duba agogo a riƙe lokacin. A cire zobe, awarwaro, agogo, kambu, duk abin da zai matse in kumburi ya taso. A sami kara mai ƙarfi ko sanda a ɗaura wa ƙafar ko hannun sako-sako, yadda gaɓar ba za ta motsa ba. Kada ya taka da ƙafarsa, motsi yana gaggauta yaɗuwar dafi. A ɗora shi a babur, wani ya zauna bayansa ya riƙe shi. In yana amai a kwantar da shi ta gefen hagu. In ana iya ɗaukar hoton macijin daga nesa, to, in ba haka ba a bar shi, likita yana gane irin dafin daga alamun jiki.

Abubuwan da za a bari su ne suka fi wuya, domin da su muka gāda. Kada a ɗaure da igiya ko roba tamau, ɗaurin yana kashe ƙafar da wataƙila da ta tsira. In kun tarar an riga an ɗaure, ku hanzarta, ku faɗa wa ma'aikata tun yaushe, su kwance da kansu. Kada a tsaga, kada a yi ƙaho, kada a tsotsa: mutumin da kububuwa ta hana jininsa daskarewa, in aka sa masa aska an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafi. Kada a ɗura masa jiƙo don ya yi amai. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini, farasitamol ya isa.

Na san za a ce ai wane mai magani ya warkar da mutane da yawa. Ba na zagin kowa, cikinsu akwai dattawan da nake girmamawa. Amma maciji yakan yi sara bai zuba dafi ba, wani kuma macijin ba shi da dafin tun asali. Irin waɗannan ko ruwa aka ba su za su tashi, sai yabo ya tafi ga magani. Wanda dafi ya shiga jikinsa sosai, shi ne ake kawowa asibiti a kwana na uku jini na zuba, an makara.

A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi yana aiki, sai allura. Ku tambayi sunan allurar. EchiTAb-G da aka haɗa a Birtaniya don kububuwa ce, EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika kuma ta haɗa kububuwa da kasa da kumurci, da dafin macizan Najeriya aka haɗa su. Wadda aka yi don macizan wata nahiya tana iya zama asarar kuɗi da rai, don haka kada a saya a kasuwa, kada kuma a yi ta a gida, domin takan tayar da jiki har sai an yi taimakon gaggawa. Yaro ba a rage masa, adadin babba ake ba shi, tunda dafin da ya shige shi bai ragu ba. Mai juna biyu kuwa ko minti ɗaya kada a jira. Tsada da ƙarancin allurar nan abin takaici ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta kuma ƙuduri rage mace-macensa da rabi kafin 2030. Garin Kaltungo a jihar Gombe yana da asibiti sukutum na saran maciji. Mu ma haƙƙinmu ne mu riƙa tambayar shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisarmu ko akwai allurar a manyan asibitocinmu.

Tofin kumurci a ido, ruwa ne maganinsa na farko. A buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, buta bayan buta, na kamar minti 15 zuwa 20. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye. Bayan nan a je asibiti a duba ko idon ya sami rauni, domin raunin da aka ƙyale shi ke kai ga makanta.

Ko babu wata alama, a yarda a kwana a asibiti ana lura da mutum awa 24, a kuma yi masa allurar tetanus. Bayan sallama, in jini ya sake fitowa, ko ciwon kai mai tsanani ya taso, ko fitsari ya ragu, ko wurin saran ya yi baƙi yana wari, a koma ranar. Zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi bayan mako ɗaya ko biyu yakan biyo bayan allurar kashe dafin, shi ma a koma a faɗa, akwai maganinsa.