Darasi na Bakwai: Lambun Gida ga Mai Cutar MS

Cutar da likitoci ke kira MS cuta ce ta jijiyoyi. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata rufin, sai saƙon ƙwaƙwalwa ya riƙa makara a hanya. Wani likitan Faransa mai suna Charcot ne ya yi bayaninta a 1868. Ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da arewacin Turai, amma ana samunta a nan ma. Ta fi kama mata, yawanci daga shekara 20 zuwa 40. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba sammu ba ce.

Mai ita yana fama da gajiya mai nauyi. Ƙafa takan yi rauni, hannu ya sage, gani ya dushe. Da dangi suka ga haka sukan ce, "Yaya, bar lambun nan, ki huta." Tausayi ne, amma zaman wuri ɗaya yana ƙara wa jiki rauni. Lambun ne ya kamata a gyara.

A fara da zafi, domin yana wahalar da yawancin masu wannan ciwo. Da jiki ya ɗan ɗumama, sai raunin ya ƙaru, ido ya yi hazo. Idan jiki ya huce, yawanci abin yakan lafa. Saboda haka a shiga lambu bayan sallar asuba, a fito kafin hantsi, ko a jira la'asar sakaliya. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, safiya kaɗai ta isa. A yi aikin minti 15, a zauna a inuwa, a sha ruwan randa, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a wuya. Kada a jira gajiya ta zo kafin a huta, domin idan ta zo takan cinye yinin gaba ɗaya.

Sai a ɗago shukar ta zo kusa da hannu. A sami buhu, a huda gindinsa don ruwa ya fita. A cika shi da ƙasa da ɗan yashi da kashin awaki da ya ruɓe. A ɗora shi kan bulo har bakinsa ya kai santimita 60 zuwa 75 daga ƙasa. Mai zaune kan kujera ko keken guragu zai kai hannu ba tare da sunkuyo ba. A bar hanya mai faɗin mita 1, a share duwatsu, kada a bar tiyo kwance a kai.

Jarka mai lita 20 cike da ruwa nauyinta kilo 20 ne, yaro ya ɗauko. A huda gorar roba da allura, a binne rabinta kusa da saiwa, a cika ta, ruwan zai riƙa tsatstsafowa a hankali. Busasshiyar ciyawa a saman ƙasa tana rage ban ruwa da cirar haki.

Idan riƙo ya yi wuya, a naɗa tsumma ko robar tayar keke a ƙotar 'yar fartanya ta yi kauri. Hannun da ya sage ba ya jin ƙaya, ba ya jin zafin ƙarfen da ya sha rana. A sa safar hannu, a duba tafin bayan aiki.

Alayyahu da yakuwa da rama ba su da wahala, latas kuma sai da hunturu. Zogale a riƙa datse kansa kada ya fi ƙarfin hannu.

Aikin gida: zauna kan kujera, miƙa hannu gaba ba tare da ka karkata ba. Wani ya auna tsawon, ka rubuta lambar a littafinka. Faɗin wurin shukarka kada ya wuce wannan lamba.