Hoton Satalayit Ya Ɗauke: Ruwa Ne, Rana Ce, Ko Kwanon Ne?

Kafin ka sa hannu a kwano, duba sama, ka duba agogo. Sau da yawa kwano lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ke murɗa shi har ya bar saiti.

Tauraron ɗan Adam da ke aiko da hoton yana nisan kilomita 35,786 a saman layin Ikwaita, don haka sigina a raunane take isowa. Tashoshin da ke zangon mitar sigina mai suna Ku, daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, su ruwan sama ya fi cutarwa, domin ɗigonsa yana shanye siginar yana kuma warwatsa ta. Zangon C, da ke wajen gigahaz 4, da wuya ruwa ya taɓa shi. Hoto kan daskare tun ruwa bai sauka ba, muddin baƙin hadari ya tsaya tsakaninka da tauraron.

Gyara sai ranar da sama ta washe. Buɗe shafin sigina a dikoda, ka sa ido kan lambar inganci, don lambar ƙarfi kan nuna sama ko da saiti ya kauce. Sassauta notuna, ka riƙa matsa kwano kaɗan-kaɗan, kana dakatawa lambar ta zauna. Sannan juya LNB, wato na'urar da ke gaban kwano mai karɓar sigina, a mazauninsa har inganci ya kai ƙololuwa, ka ɗaure tam. Rarar ingancin da ka samu ita ke riƙe hoto lokacin hadari. In bai wadatar ba, sauya kwanon santimita 60 da na 90. Filinsa ya ninka sau biyu da kwata.

In ruwa ya ɗauke amma hoto bai dawo ba, zargi mahaɗar waya. Kwance ta daga LNB. Ka ga danshi ko tsatsa? Yanke bakin, sa sabon kai, naɗe da tef mai hana ruwa, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa yadda ruwa zai ɗige. Wayar RG6 za ka sa. Kada ka hau rufi ana walƙiya.

Matsalar rana daban ce. Sau biyu a shekara, wajen Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba, rana kan bi ta bayan tauraron daidai saitin kwano, hayaniyarta ta danne sigina. Alamarta: sama garau, hoto ya ɗauke na 'yan mintuna, kusan lokaci guda kullum, kwanaki kaɗan a jere. In tauraron yana gabas da kai, da safe hoton zai ɗauke, in yana yamma kuma bayan rana ta karkata. Kada ka taɓa komai, da kansa hoton zai dawo.